Wane ne Dixon? Abin da na karanta a tsakiyar faya-fayan Kawu

Ranar Alhamis da ta wuce wani ƙunshi ya iso min ofis. Abokin aikina da teburinsa ke kusa da nawa ya ga faɗinsa, ya ce, "Oga, kalandar baɗi ce aka aiko maka tun yanzu?" Na buɗe na nuna masa faifai ne, baƙi wuluk, irin na garmaho. Ya juya shi gaba da baya, ya tambayi kuɗinsa. Da na faɗa masa, har da kuɗin jirgi wanda ya fi na faifan kansa, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Yanzu fisabilillahi, a wannan marra, da albashin gwamnati, ka sayi waƙar Turawan da ke cikin wayarka kyauta?" Abin da ya ƙara ƙular da shi shi ne da na ce masa ai ina da irinsa sak a gida, wannan na biyu ne.

Na yi masa alkawarin amsa a rubuce, tunda a ofis ba a gama magana. To ga ta. Doguwa ce, mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne. An tura shi kwas Ingila a 1968, ya dawo a 1970 da takardar shaida, da wata kwat mai nauyi wadda bai taɓa samun sanyin da zai sa ta ba, da akwatin ƙarfe cike da faya-fayai. Muna yara in mun je hutu gidansa, ranar Lahadi da hantsi yakan zaro ɗaya, ya hure shi, ya goge da ƙyalle mai laushi, ya ɗora allura a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Ba a yarda mu taɓa ba. Da ya rasu aka zo rabon kaya, ko kallon akwatin babu wanda ya yi. Saura ƙiris a miƙa wa 'yan jari-bola. Na ce a bar min. Guda 63 na ƙirga, bakwai daga ciki zafi ya lanƙwasa su sun koma kamar tasa.

Da farko sauraro kawai nake yi. Daga baya na fara karatu. A tsakiyar kowane faifai akwai zagayayyar takarda da aka manna, mai ɗauke da sunan kamfani, da lamba, da jerin waƙoƙi. A ƙarƙashin sunan kowace waƙa, da 'yan mitsi-mitsin haruffa cikin baka biyu, an rubuta sunan wanda ya tsara ta. Wannan ɗan rubutun ba ado ba ne. Shi ke nuna aljihun da kason kuɗin waƙar zai faɗa duk sanda aka sayar da faifai ko aka sa ta a rediyo. Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan sarai: komai kaurin fayil, sunan da ke kan baucar biya shi ne magana.

Sunan da na yi ta cin karo da shi shi ne Dixon. Yana kan babban faifan Rolling Stones na farko, na 1964. Yana kan na farkon Cream, na 1966, ƙarƙashin waƙar "Spoonful". Yana kan na Doors na 1967, ƙarƙashin "Back Door Man". A na farkon Led Zeppelin, na 1969, har sau biyu ya fito. Ƙungiyoyi huɗu ke nan, uku na Ingila ɗaya ta Amurka, kuma na duba hotunan kwalayen kaf, babu wani mai suna Dixon a cikinsu. Har a faifan Beatles na farko na ga wani Dixon ƙarƙashin waƙar "Boys", na ɗauka shi ne, ashe wannan Luther Dixon ne, wani mutum daban. Ya ɓata min lokaci sosai.

Wanda nake nema Willie Dixon ne. Baƙar fata ne, an haife shi a 1915 a Vicksburg ta jihar Mississippi, a kudancin Amurka, lokacin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta, a mota, har a wurin shan ruwa. Ya ƙaura Shikago a 1936, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata wajen miliyan 6 da suka bar gonakin auduga na kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970. Ƙato ne na gaske, har ya yi damben zamani ya ci gasa a 1937. Da aka kira shi soja a yaƙin duniya na biyu ya ce ba zai je ba, aka ɗaure shi wata goma. Daga baya ya kama aiki da kamfanin faya-fayai na Chess, na wasu 'yan'uwa biyu, Leonard da Phil Chess, waɗanda iyayensu suka zo da su daga Poland. A can Dixon shi ne komai: shi ke kaɗa ƙaton gogen tsaye mai kaurin murya, shi ke nemo mawaƙa, shi ke tsara zaman ɗauka, shi ke rubuta waƙa ya miƙa wa wanda ya ga za ta dace da bakinsa. Muddy Waters, Howlin' Wolf, Little Walter, duk sun rera nasa. A faya-fayan Chuck Berry na farko ma hannunsa na ciki. Waƙoƙin da ake danganta masa sun haura 500.

Kiɗan da suke yi shi ake kira buluz, waƙar talakan kudu ce, ta kukan rashi da bashi da soyayyar da ta watse da fariya kuma. Muddy Waters, wanda sunansa na yanka McKinley Morganfield, direban tarakta ne a gonar Stovall kusa da Clarksdale lokacin da Alan Lomax ya zo da na'ura ya ɗauki muryarsa a 1941. Ya tafi Shikago a 1943, ya tarar jitar katako ba ta iya ƙure hayaniyar mashaya, sai ya jona ta da lantarki. Rabin abin da muke kira kiɗan rok daga wannan jonawar ya fito. Ga mai son ya ji kunnensa ya ɗan motsa: akwai masani, Gerhard Kubik, da ya rubuta littafi a 1999 yana nuna cewa salon jan murya na buluz da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya sun fi kama da na yankinmu na Sahel, ƙasar goge da kukuma, fiye da na bakin teku mai ganguna. Ni dai in na saurari Wolf sannan na saurari mai kukuma, na kan ji wani abu. Amma ba zan tsaya a nan in ce mu muka ƙirƙiro rok ba, kamar yadda wasunmu ke son mayar da kowane abu na duniya ɗan asalin Daura.

A Amurka wannan kiɗa yana gefe. Har zuwa 1949 mujallar Billboard tana da jadawali daban da take kira na faya-fayan launin fata. Manyan gidajen rediyo ba su cika sa shi ba. Zuwa farkon shekarun 1960 ma matasan baƙaƙen fata sun fara juya masa baya, suna ganin kiɗan iyaye ne mai tuna musu da gonar auduga, sun koma wa sababbin salo irin na Motown.

To ta yaya ya tsallaka teku? A nan labarin ya fi min daɗi. Ingila ta bayan yaƙi ƙasa ce mai sanyi da tsumulmula, BBC tana da ƙa'idar sa'o'in da za ta sa faifai, kuma ko a cikinsu ba irin wannan take sawa ba. Yaro mai son kiɗan Amurka sai dai ya laluɓo Radio Luxembourg da dare, ko daga 1964 ya kamo Radio Caroline da ke watsa shiri daga jirgin ruwa a teku don kauce wa doka. Faifan Chess kuwa abin nema ne ruwa a jallo. Sannan a 1960 aka daina ɗaukar samari aikin soja na tilas, wanda da zai cinye musu shekara biyu. Da yawansu suka faɗa kwalejojin zane-zane, inda ake da lokaci da yawa da jarrabawa kaɗan: John Lennon, Keith Richards, Eric Clapton, Pete Townshend, Jimmy Page duk ta can suka bi.

Ranar 17 ga Oktoba 1961, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford kusa da Landan, Keith Richards, ɗan shekara 17, ya hango wani tsohon abokinsa na firamare, Mick Jagger, rungume da faya-fayai biyu: ɗaya na Chuck Berry, ɗaya na Muddy Waters. Jagger ya rubuta wasiƙa ne har Shikago aka aiko masa ta gidan waya. Richards ya bi shi cikin jirgi saboda faya-fayan nan. Ku lura fa, ba waƙa ya ji ba, kwali ya gani a hammatar mutum. Duk mai tara faifai ya san wannan kallon. Sunan ƙungiyar da suka kafa a 1962 ma daga wata waƙar Muddy Waters ta 1950 aka ɗauko shi. Kawu, da yake ɗan reluwe ne, da ya ji daɗin cewa a tasha aka ƙulla abin.

Faifansu na farko yana gabana yanzu haka. Kamfanin Decca, Afrilun 1964. A gaban kwalin babu sunan ƙungiya, babu sunan faifai, sai hoton samari biyar sun murtuke fuska. Waƙa ɗaya tak a ciki ke ɗauke da sunan Jagger da Richards. Sauran in ka bi baka biyun nan za ka ga Berry, Dixon, Reed, McDaniel wanda shi ne Bo Diddley, Moore wanda shi ne Slim Harpo. Faifan ya yi mako 12 yana kan gaba a kasuwar Ingila. Na Beatles na farko, na 1963, wanda aka ɗauki mafi yawansa a yini guda, ranar 11 ga Fabrairu, waƙa 14 ce, shida aro ne, biyar daga cikin shidan baƙaƙen mawaƙan Amurka ne suka fara rera su.

Daga nan sai kaya suka koma wa mai su ta bayan gida. Ranar 9 ga Fabrairun 1964 mutum wajen miliyan 73 suka kalli Beatles a shirin talabijin na Ed Sullivan. A farkon Afrilu su ke riƙe da matsayi na ɗaya zuwa na biyar a jadawalin Billboard, gaba ɗaya. Matasan farare na Amurka suka rungumi kiɗan da aka haifa a unguwar da iyayensu suka hana su shiga, don kawai ya dawo da karin harshen Liverpool da Landan. Jimi Hendrix shi ne hujja mafi ciwo. Baƙar fata ne ɗan Seattle, ya yi shekaru yana riƙe wa Little Richard da Isley Brothers jita a bayan fage, ba wanda ya san da zamansa. Sai da Chas Chandler ya kai shi Landan a Satumban 1966, Turawan Ingila suka sallama masa, sannan ƙasarsa ta gane shi a bikin Monterey a Yunin 1967. Ya rasu a 1970 yana da shekara 27.

Yanzu mu zo kan faifan da ya jawo wannan rubutu, wato Led Zeppelin II, na Oktoban 1969. Na Kawu bugun Ingila ne na lokacin, kamfanin Atlantic. Waƙar farko a ciki ita ce "Whole Lotta Love", wadda ta kai matsayi na huɗu a Amurka. A cikin baka biyun sunaye huɗu ne: Page, Plant, Jones, Bonham. Su kaɗai. Alhali wata tara kafin nan, a faifansu na farko, sun rubuta Dixon sau biyu, ke nan ba rashin sani ba ne. Baitocin waƙar kuwa an kwaso su ne daga "You Need Love", wadda Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya rera a 1962. A yi adalci, bugun jitar nan da ke buɗe waƙar, wanda in ka ji shi sau ɗaya ba ya barin kanka, na Jimmy Page ne, ba na kowa ba. Amma kalmomin ba nasu ba ne, kuma Robert Plant da bakinsa ya amsa hakan daga baya. An ce 'yar Dixon ce ta ji waƙar ta gane ta babanta ce. Ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu a 1987. Bugun da aka yi ta yi daga baya sai aka ƙara suna na biyar.

Wanda ya iso min ranar Alhamis sabon bugu ne. Na ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Kwali iri ɗaya, hoto iri ɗaya, waƙa iri ɗaya. Ɗaya suna huɗu, ɗaya suna biyar. Shekara 18 ne tsakanin fitowar waƙar da sasantawar, kuma duk suna cikin tazarar wannan kalma guda. In ka buɗe manhajar waya ka duba marubutan waƙar, abin da aka gyara za ka gani, tsaf, kamar haka yake tun fil azal. Wayar ba ta yi ƙarya ba, amma ta share shaidar cewa an taɓa yin ƙaryar. Faifan Kawu ba ya gyaruwa. Abin da aka buga a 1969 yana nan yadda aka buga shi, kamar tsohuwar takardar da wani ya manta bai cire daga fayil ba.

Kada wani ya ɗauka labarin na mugayen Turawan Ingila ne da salihan bayin Allah na Shikago. Takardar tsakiyar faifai ta fara ƙarya tun kafin yaran Ingila su koyi ɗaura tsirkiya. Waƙar Chuck Berry ta farko, "Maybellene", ta 1955, ta fito da sunaye uku: nasa, da na Alan Freed mai gabatar da shiri a rediyo, da na wani Russ Fratto. Ba su rubuta ko harafi ba. An sa Freed ne don ya riƙa sa waƙar a shirinsa, cin hanci ne da aka yi wa kwalliya. Sai 1986 Berry ya samu sunansa shi kaɗai. A 1963 Beach Boys, 'yan Amurka, suka ɗauki karin wata waƙarsa suka yi "Surfin' U.S.A.", sai da aka matsa musu lamba aka sa sunansa. Shi kansa Dixon, kamfanin Arc mai kula da haƙƙin waƙoƙin Chess ya taɓa karɓar sasanci daga Led Zeppelin a farkon shekarun 1970 kan wasu waƙoƙin wannan faifai, amma sai da shi da Muddy Waters suka maka Arc ɗin a kotu kafin su ga haƙƙinsu. Ma'ana na gida ma ya ci, na waje ma ya ci.

Kuma akwai waɗanda suka yi abin kirki, a faɗa. Rolling Stones ba su ɓoye inda suka samo kayansu ba. Da suka je Amurka karon farko, a Yunin 1964, sai da suka nemi ɗakin ɗaukar Chess a lamba 2120 titin South Michigan, suka yi kwana biyu suna ɗauka, har suka sa wa wani kiɗa sunan adireshin. A can suka ɗauki "It's All Over Now" ta Bobby Womack, wanda ya fusata da farko, har sai da cakin kasonsa ya iso, fushi ya tafi. A Disambar shekarar suka kai "Little Red Rooster" ta Dixon matsayi na ɗaya a Ingila, da sunansa a kai. A Mayun 1965 da aka gayyace su shirin talabijin na Shindig a Amurka, suka ce sai an kawo Howlin' Wolf. Dattijo ɗan shekara 54 ya tsaya yana ruri gaban kyamara, su suna zaune a ƙasa kusa da ƙafafunsa kamar almajirai. Beatles kuma a Satumban 1964 suka ce ba za su hau fage a Jacksonville ba muddin an raba 'yan kallo baƙi da farare, aka haɗa su.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Skip James. Ya yi ɗauka a 1931, faya-fayan ba su yi kasuwa ba, ya ɓace shekara 33. A 1964 wasu matasa masu tara tsofaffin faya-fayai suka bi sawunsa suka same shi kwance a asibiti a Tunica ta Mississippi. Cream suka rera waƙarsa "I'm So Glad" a 1966 suka rubuta sunansa daidai. Kason da ya samu shi ya taimaka masa da kuɗin magani har ya rasu a 1969. Bambancin sa suna da ƙin sawa ke nan: kuɗin asibiti. Kuma ku lura da su wa suka nemo shi. Masu irin wannan cutar tawa ne, masu karanta ƙananan haruffa.

Su ma yaran Ingilan ba su tsira ba. Kwantiragin Beatles na farko da EMI kwabo ɗaya ne kan kowane ƙaramin faifai, kwabon zamanin fam da sule, wanda 240 ke yin fam guda, kuma su huɗu za su raba bayan manaja ya cire nasa. A 1969 Lennon da McCartney suka rasa iko da kamfanin da ke riƙe da waƙoƙinsu. A 1985 wa ya saye su? Michael Jackson, kan dala miliyan 47.5. Baƙar fata ɗan Gary ta Indiana, garin da ke maƙwabtaka da Shikago. Duk sanda na tuna wannan sai na yi dariya ni kaɗai. Rolling Stones kuwa, waƙoƙinsu na shekarun 1960 suna hannun kamfanin tsohon manajansu Allen Klein.

Ba na so a fahimce ni cewa duk kiɗan shekarun 1960 aro ne. Daga 1965 zuwa 1969 yaran nan sun kai abin inda Shikago ba ta taɓa tunani ba. Babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda Columbia ta fito da shi a 1948, yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowane gefe, maimakon minti uku na tsohon mai juyi 78. Su ne suka mayar da wannan fili ya zama kamar littafi mai babi-babi: Revolver da Pet Sounds a 1966, Sgt. Pepper a 1967 da baitoci a buge a bayan kwali. Dole ka tashi a tsakiya ka juya faifai, don haka suna tunanin wace waƙa za ta rufe gefen farko, wace za ta buɗe na biyu. Sgt. Pepper na Kawu na mono ne, mai fitar da sauti ɗaya ko sifika nawa ka jona. Shi ne haɗin da Beatles suka zauna aka yi a gabansu, na sitiriyo injiniyoyi aka bar wa. Waƙar "She's Leaving Home" ta fi sauri a mono. Shekaru na yi ina zargin garmahon da gudu, ashe haka aka yi ta.

Akwai wani dalili kuma na riƙe waɗannan kaya. Ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta tashi a harabar Universal a Los Angeles, ta cinye wani rumbun ajiye tef-tef na asali, waɗanda daga su ake buga komai. Sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa girman asarar, ta ce har da na Chess a ciki. Kamfanin ya musanta cewa abin ya kai yadda aka ruwaito. Ko ma dai yaya ne, tef ɗin da ya ƙone ya ƙone, kuma tsohon faifan da aka buga kai tsaye daga jikinsa shi ne mafi kusa da muryar da aka ɗauka ranar.

Legas ma ta shiga labarin nan daga ƙarshe. Ginger Baker, mai gangar Cream, ya ratso Sahara da mota a 1971, ya yi faifai da Fela a shekarar, ya buɗe ɗakin ɗauka a Ikeja a 1973. A 1973 ɗin Paul McCartney ya zo ɗakin EMI na Apapa ya ɗauki Band on the Run. Fela ya fito fili ya ce Bature ya zo satar kiɗan baƙar fata. Sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suke ɗauka, ya ji babu nasa a ciki, sannan aka zauna lafiya. A wannan karon zargin bai tabbata ba. Amma in ka karanta abin da na rubuta a sama, ba za ka ce Fela ya yi hauka ba.

Yanzu faifai ya dawo yayi. A 2022 an sayar da guda miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karon farko da faifai ya wuce tun 1987. Farashi ya haukace. Kwafin farin faifan Beatles na 1968 mai lamba 0000001, na Ringo Starr, an yi gwanjonsa a 2015 kan dala 790,000. Wannan ba taron da nake ciki ba ne, kuma gaskiya masu sayen faifai su kulle a sif ba tare da allura ta taɓa shi ba haushi suke ba ni. Ni tun da naira ta faɗi, ɗaya nake saya a wata huɗu, shi ma sai an yi zaman sulhu da uwargida. Na taɓa barin biyu a bayan mota na shiga taro na awa uku a watan Afrilu. Kada ku tambaye ni yadda na same su.

Dixon dai bai mutu a tsiya ba. Ya ƙwato waƙoƙinsa, ya kafa gidauniyar Blues Heaven don taimaka wa tsofaffin mawaƙa neman haƙƙinsu. Bayan rasuwarsa a 1992 matarsa ta sayi ginin Chess ɗin nan na lamba 2120, inda ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wasu, gidauniyar ta tare a ciki.

Abokin aikina, amsarka ke nan. Kalma ɗaya na saya, kuma na san ta yi tsada.

Sauran jama'a kuma ina da roƙo. Duk wanda ke da irin wannan akwati a ɗakin kakansa ko a sito, na Turawa ne, ko na Shata, ko na Ɗan Maraya, ko na Rex Lawson, don Allah kada a jibge su kwance ɗaya kan ɗaya, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da rufin kwano. Kada a wanke da omo, kada a bar yara su yi wasan jifa da su, kada a yar da kwalin ko ya yage. In sun dame ku, ku yi min magana, zan zo har gida in ɗauka. Kuma wanda zai taso daga Legas cikin watan nan ya taɓo ni, allurar garmahon Kawu ta fara cinyewa.